Sharhi: Kafin Inji Ya Buga, Dubi Ruwansa

Ina gaida manoma da masunta, da makanikai da ke zaune a gindin bishiya da sifana a hannu, da matasanmu da suka tafi cin rani suke kama mu ta waya. Sharhinmu na yau a kan inji ne, da ruwan da ke sanyaya shi.

Na san wani zai ce, mu a Matazu ina ruwanmu da injin jirgin ruwa? Muna tsakiyar ƙasar masara da dawa da auduga, teku kuwa sai mutum ya wuni ya kwana a mota kafin ya gan shi. To, ranka ya daɗe, kogin Karaduwa, wanda har mazaɓa muke da ita mai wannan suna, shi aka tare a Zobe cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, aka kammala madatsar a 1983, kuma tun daga lokacin akwai masu cin abinci a kan ruwan nan. Sannan a zagaya Sayaya da Dissi da Gwarjo da Mazoji, da wuya a sami unguwar da babu yaron da ya tafi neman kuɗi. Wasu suna Yawuri da bakin tafkin Kainji, wasu sun zauna Baga, wasu suna Legas da Fatakwal da Warri suna dako a bakin ruwa. Yau mutum ɗan dako ne, gobe yaron jirgi, jibi an damƙa masa sitiyari. Wanda kuma bai taɓa taka kwale-kwale ba, ai yana da injin ban-ruwa a fadama, ko injin niƙa a bakin kasuwa, ko yana hayar tarakta. Duk injunan nan ciwo ɗaya ke kashe su, wato zafi, kuma mafi yawan lokaci da hannunmu muke jawo shi.

Bari mu fara da na jirgin, domin a jikinsa abin ya fi fitowa fili. Injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale, irin su Yamaha da Suzuki da Tohatsu, mai doki 15 ko 25 ko 40 ko 75, ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake sha. A ƙafar injin, can ƙasa kusa da farfela, akwai wasu 'yan ramuka masu raga, ta nan ruwa ke shiga. Sama da su kaɗan akwai famfo, a cikinsa wata roba mai fikafikai wadda makanikai ke kira imfela. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela ita ke juya ta. Tana juyawa tana tura ruwa ta wani siririn bututu zuwa kan inji, ya zagaye silinda ta hanyoyin da aka huda masa a cikin ƙarfe, ya kwashi zafi, ya fice ta ƙasa tare da hayaƙi. An karkatar da kaɗan daga cikinsa ya riƙa tsartuwa ta wani ɗan rami a gefen baya, daidai inda idon direba zai kai. Masu jirgi suna ce masa fitsarin inji. Shi kaɗai ne shaidar da direba yake da ita cewa famfo na aiki.

Saboda haka duk wanda ya ja igiya inji ya tashi, kafin ya sa giya, kafin ya gaisa da fasinja, ya waiwaya. In ya ƙirga zuwa goma ko goma sha biyar bai ga ruwan nan ba, ya kashe. Kada ya ƙara wuta wai don ya buɗe. Na ji wannan magana ta "ƙara masa wuta zai zo" a bakin mutane da dama, kuma ita ce ta fi kowace magana tsada a wannan sana'a. Robar nan da ruwa take samun santsi, da ruwa take hucewa. In ta juya a bushe, ba ta cika minti guda ba sai bakin fikafikanta ya ƙone ya fara gutsurewa. Daga nan sai kan inji ya biyo baya.

To an kashe. Sai me? A nan ne ake gane makanike da mai kwance-kwance. Mai kwance-kwance zai ɗauko sifana ya fara da babban abu. Makanike yana farawa da abin da ba ya cin ko sisi. Ɗaga ƙafar injin ka duba ragar shigar ruwa. Leda ce ta fi kowa laifi a zamanin nan, musamman ledar ruwan sha da muke jefarwa ko'ina: ta manne a ragar, ta toshe, kana kashe inji ta saki ta yi gaba, kai kuma ka rasa abin da ya faru. A wasu wuraren kainuwa ce, a fadamun Hadeja da Nguru kachalla ce, a bakin gaɓa laka da yashi. In raga a share take, koma kan ɗan ramin da ruwan ke fita. Sau da yawa shi kaɗai ya toshe, famfo lafiyarsa lau. Tsakuwa ɗaya ta isa, kuma in inji ya kwana biyu a jingine, zanzaro yakan shiga ya yi gininsa na laka a ciki. Zura masa zaren kamun kifi mai kauri, ka juya a hankali. Kada ka sa ƙusa ko waya mai kaifi, domin bayan ramin ɗan tiyon roba ne, kana huda shi ruwa ya koma yana fesuwa a cikin murfin inji.

Akwai kuma zurfi. Famfon nan ba ya iya zuƙo ruwa daga nesa, sai yana nitse a ciki. Saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kwance, dole ruwa ya rufe shi da kyau. In an ɗaura inji ya yi sama da yawa a bayan jirgi, ko lodi ya taru a gaba har baya ya ɗaga, sai ya riƙa zuƙar iska yana haɗawa da ruwa. Haka wanda zai gwada inji a gida cikin duro: ya cika duron har ruwa ya wuce wannan ƙarfe da kamar taƙi guda. Wanda kuwa yake tayar da inji a tudu, babu duro babu tiyo, wai don mai saye ya ji ƙararsa, ya sani ya riga ya ci amanar mai sayen, domin ya ƙona robar kafin a biya kuɗi. In kai ne mai sayen, ka ga an yi haka a gabanka, sa kuɗin sabuwar imfela a cikin ciniki.

Yanzu a ce ruwa yana zuwa amma ba shi da ƙarfi. Lura da lokacin da yake rauni, domin ruwa ba ya tsami banza. In inji yana silo ruwan yana ɗiga, ka ƙara wuta ya ɗan miƙe, to roba ta tsufa. Dalili shi ne, a ƙaramin gudu fikafikan suna gogar bangon famfo suna matso ruwa, sai in suna da laushi da ƙarfin miƙewa za su iya. A babban gudu kuwa sukan lanƙwashe baya, juyin kawai ke watsa ruwan, ga kuma tafiyar jirgi na tura ruwa cikin raga. Shi ya sa tsohuwar roba takan ɓoye aibinta a tsakiyar kogi, ta tona shi lokacin da aka rage gudu za a tsaya. In kuwa akasin haka ne, a silo lafiya, da an buɗe wuta sai zafi, to a nemi toshiya a raga ko a hanyoyin ruwa na cikin inji, ko shan iska, ko gaskit ɗin kai da ya fara ƙonewa yana hura hayaƙi cikin hanyar ruwa.

Ga wani wuri da yake ruɗa har tsofaffin direbobi. Ruwa na tsartuwa da ƙarfinsa, amma inji ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora hannu a kansa, fenti na canza kala, wani ma yana ƙara ko yana rage gudu da kansa. Mutum ya ce, ai ga ruwa nan, ba matsalar ruwa ba ce. Matsalar ruwa ce. A injuna da yawa, ruwan da kake gani an ɗebe shi ne tun kafin ya gama zagaya kan inji. Yana gaya maka famfo na aiki, bai gaya maka ruwa ya ratsa ko'ina ba. A can sama akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin, tamostat, wanda aikinsa ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe. In ya cije a rufe, ruwa ba zai wuce ba. Gwada shi ba wuya: kwance shi, ɗaura masa zare, saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Na injin jirgi yakan fara buɗewa wajen digiri 50 zuwa 60, wato tun ruwan bai yi kusa da tafasa ba. In har ya tafasa bai motsa ba, ya mutu.

A nan zan ɗan tsaya, domin ina da magana da 'yan'uwana makanikai, na jirgi da na mota baki ɗaya. Wannan al'ada ta cire tamostat a jefar, a ce wa mai inji "na Turai ne, don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan zafi gare mu", ba gyara ba ne. Injin da aka cire masa shi ba ya kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Mai ba ya ƙonewa duka, fulogi ya yi baƙi, gawayi ya taru a kan fistan da ringi, shan mai ya ƙaru. A injin da ke da baƙin mai a cikinsa, fetur da danshi su riƙa gangarawa suna tsinka man. A wasu injunan ma ruwan yakan zurare ta hanya mafi sauƙi ya bar wani lungu na kai bai jiƙa ba, sai ka ga inji sanyi a wani gefe, wuta a wani. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, kowa ya san abin da lita take ci a aljihu. Wanda ya cire maka tamostat ya ɗora maka harajin da za ka riƙa biya a gidan mai kullum, don gudun sayen abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In ka makale a tsakiyar ruwa ka cire shi don ka kai gaɓa, babu laifi. Amma kana isa ka nemi sabo.

Sai batun gishiri, wanda ya shafi yaranmu da ke kudu. Ɗana da kake Apapa ko Ikorodu ko Badagry, ko kake bin ruwan Bonny, saurara da kyau. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Na Bahar Maliya, inda 'yan'uwanmu na Sudan da Jidda suke, ya kai wajen 40. Ruwan lagon Legas gauraye ne, da damina ya yi sauƙi, da rani gishirinsa ya ƙaru. Wannan ruwa yana ratsa cikin inji mai zafi, ka kashe, abin da ya rage a ciki ya bushe ya bar gishiri da farin ɓawo. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanyar da yatsa ke shiga ta koma sai tsinke. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tukunyar mai shayi da ta shekara tana dafa ruwan rijiya ya ga farin abin da ya kama bangonta. Haka cikin injin yake komawa, ɓawon ya rage hanya kuma ya hana zafi fita daga ƙarfe zuwa ruwa. Wannan ne ma ya sa aka yi tamostat ɗin jirgi ya buɗe da wuri fiye da na mota, wanda yakan kai digiri 80 da wani abu: ruwan gishiri in ya yi zafi sosai ya fi saurin ajiye ɓawo.

Maganinsa ruwan daɗi. An tashi aiki, a sa ƙafar inji a duro, ko a haɗa masa tiyo, a bar shi yana silo na minti goma zuwa sha biyar, har ya yi ɗumi tamostat ya buɗe ruwan ya wanke ko'ina. Na san a wasu unguwannin Legas jarkar ruwa sai da kuɗi, kuma maigida ba ya son jin wannan. Ka gaya masa ya kwatanta kuɗin jarka da kuɗin kan inji. In ɓawo ya riga ya kama tamostat da murfinsa, a jiƙa su a ruwan khal, a goge da buroshi. Kada wani ya ba ka shawarar ɗura ruwan batir a ciki. Jikin injin alminiyam ne, ruwan batir zai cinye ɓawon ya haɗa da ƙarfen.

Gishiri yana da wata ɓarnar ta biyu. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu a ruwan gishiri, ɗaya yakan riƙa cin ɗaya. Shi ya sa masu ƙera injin suka ɗaura wasu 'yan guntayen ƙarfe masu launin toka a ƙafarsa, wasu ma har cikin hanyar ruwa, yawanci na tutiya ko wani haɗin alminiyam. An sa su ne don su lalace a madadin injin. In ka ga sun zaizaye, aikinsu suke yi. In sun kai rabi, a canza. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya yi wa inji sabon fenti ya shafe har da su, ko ya ga sun yi muni ya cire. Da ka rufe su da fenti, cin ya koma kan ƙafar injin.

Kada na Zobe da Yawuri ya ce shi ya tsira tunda ruwansa ba gishiri. Namu ruwan yashi gare shi. Da damina Karaduwa ja wur yake zuwa, ɗauke da ƙasar gonakinmu, kuma wannan yashi yana goge roba da farantin ƙarfen da take juyawa a kai har ya yi musu zane. Direban da ke shiga gaɓa da wuta, farfela na tona laka, yana ɗura wa injinsa ƙasa ne da hannunsa. Rage wuta tun daga nesa, ɗaga ƙafa, ƙarasa da gora ko filafili.

In aka zo canza roba, abubuwa kaɗan ne ke raba aiki mai kyau da na a dawo gobe. A ƙirga fikafikan tsohuwar. In ɗaya ya ɓace, bai narke ba, yana can ya maƙale a bututu ko a bakin tamostat, kuma sai an nemo shi, in ba haka ba sabuwar roba ba za ta hana zafi ba. A duba faranti da kofin da take zama a ciki, in sun yi zane a canza su tare. Kada a manta ɗan makullin da ke riƙe ta da sanda. An sha rufe famfo a bar shi a ƙasa, sanda na juyawa roba na tsaye. A shafa ruwan sabulu, a riƙa juya sandar ta hannun agogo ana danna murfin don fikafikan su kwanta ta inda ya dace. Wajen mayar da ƙafa a tabbata bututun ruwa ya shiga mazauninsa. Kuma jirgin da ke aiki kullum, a buɗe famfonsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da bai yi ƙorafi ba. Wanda aka jingine ma ba a bar shi ba, domin roba in ta daɗe a lanƙwashe wuri ɗaya takan sandare a haka. Game da saye kuwa, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Legas, akwai ta asali akwai jabu, kuma bambancin kuɗinsu bai kai na hayar jirgin da zai janyo ka ba. Araha ba ta ado.

Me ya sa na zauna a kan wannan haka? Domin mota in ta ɗau zafi a hanyar Malumfashi, sai a gangara gefe a sauka a sha iska. Jirgi ba shi da gefen titi. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ya nitse da mutane masu yawa a kusa da Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. Ba mu manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Lodi fiye da kima aka fi ɗora wa alhakin waɗannan, ban ce zafin inji ba ne. Amma lodin nan shi ne kuma ke sa inji ya yi ta nishi da cikakkiyar wuta tun daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma in ya mutu a tsakiyar igiyar ruwa, jirgin ya juya ya ba ruwa gefe, fasinja su firgita su taru wuri ɗaya, sauran labarin kowa ya san shi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, tana ta maganar rigar ruwa da hana tafiyar dare, kuma gaskiya ta faɗa. Ni dai zan so shugabannin masu jirgi a kowace tasha su ƙara da nasu: jirgin da injinsa ba ya fitar da ruwa kada ya ɗau fasinja.

Mu dawo fadama, inda mafi yawanmu muke. Tun daga shirin raya aikin gona na Funtua da aka fara da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, zuwa shirin Fadama na shekarun 1990, inji ya shigo gonakinmu ya zauna, jigo ya zama tarihi. Ƙaramin injin ban-ruwa mai inci biyu ko uku da iska yake hucewa: akwai fanka a bayan murfin igiya, tana hura iska ta tsakanin haƙarƙarin da ke jikin silinda. Da hunturu ƙura da ƙaiƙayi da ɗigon baƙin mai sukan haɗu su cike tsakanin nan. A kwance murfin a share. Kuma Malam, buhun da kake lulluɓa masa wai don rana, kana toshe masa numfashi ne. Yi masa 'yar rumfa mai tsawo, iska ta ratsa.

Amma ɓangaren famfonsa da ruwa yake rayuwa, daidai da na jirgi. Tsakanin inji da famfo akwai sil, wasu zobba biyu masu santsi da ke gogar juna, ruwan da ake ja shi ke sanyaya su. Tayar da inji ba a cika tukunyar famfo da ruwa ba, ko barinsa yana aiki bayan rijiyar ta ƙafe yaro ya tafi cin abinci, shi ke ƙona sil. Alamarsa ɗigo a ƙarƙashi, tsakanin inji da famfo, sannan ja ya ragu. In ya ƙi ja, kafin a zargi inji a duba tiyon zuƙa, domin huda ƙanƙanuwa ko ɗaurin roba da ya saki ya isa ya sa shi shan iska. A duba ragar bakin tiyo, kada a bar ta kwance cikin yashi. A kuma sani irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da mita bakwai zuwa takwas, ko nawa ne ƙarfin injin. In ruwan rijiya ya sauka a watan Maris, inji ake saukarwa kusa da shi, ƙara wuta ɓarnar mai ce kawai.

Mai injin niƙa da ke da duro a gefe, kai ma ga naka. Ruwan duron nan yana zagayawa da kansa ne: mai zafi ya hau ta tiyon sama ya zuba a duro, mai sanyi ya shiga inji ta tiyon ƙasa. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama, zagayen ya tsaya cak, ko da duron ya fi rabi. Mutum ya leƙa ya ga ruwa ya ce lafiya, alhali injin yana dahuwa. Cika shi kullum ya rufe bakin nan. In da hali tara ruwan sama da damina don wannan aiki, ya fi na rijiya da na burtsatse rashin ɓawo. Direban tarakta kuma, lokacin sussukar masara da waken suya, ƙaiƙayi ke liƙe fuskar lagireto. A hure shi daga baya zuwa gaba, a duba bel ɗin fanka. In inji ya riga ya tafasa, kada a buɗe murfin lagireto, mutane sun ƙone fuska a haka. Kada kuma a sheƙa masa ruwan sanyi, kan inji tsagewa yake. A ba shi lokaci ya huce.

Ina roƙon malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA, da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani na Matazu da Musawa da Malumfashi, idan aka tara mutane rabon taki ko iri, a ware rabin sa'a a kira makanike ɗaya ya kwance famfo a gaban kowa, a ga sil, a ga abin da bushewa take yi masa. Wanda ya gani da idonsa ba zai sake tayar da inji a bushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, a yi wannan tun kafin rani ya kawo kai, masu tumatir da albasa su fara haɗa fangali.

Kai kuma uba da kake da ɗa a bakin ruwa a kudu, in ya bugo waya yau da dare, bayan gaisuwa tambaye shi yaushe rabon da a wanke injin jirginsu da ruwan daɗi, yaushe rabon da a buɗe famfonsa, kuma ko akwai sabuwar roba da sifana a cikin jirgin. In ya ce bai sani ba, ce masa ya tambayi maigidansa gobe da safe kafin su ɗau fasinja.